Hausar Iya Saheed

Saheed ya daɗe yana buga wasan ƙwallo na kwamfuta kai tsaye a intanet daga ɗakinsa a Dutse Uku, amma masu kallonsa ba su wuce tsofaffin abokan makaranta ba. Ya iya wasan, sai dai irinsa sun yi yawa.

Wata rana da hantsi, yana tsakiyar wasa yana zuba surutu da Hausa, mahaifiyarsa Monsurat ta turo ƙofa da kwanon shinkafa. Bayarabiya ce, aure ya kawo ta Jos, kuma a kasuwa ta tsinci Hausarta. Ba ta san ana kallonsu ba.

"Ke Saheed! Tashi ki shi abinshi, wannan kwallo ba zai aure ki ba!"

Kafin yamma wani ya yanko wurin ya watsa. Washegari masu kallo suka yi masa ca, kowa na cewa ya maimaita. Ya maimaita. Daga nan duk sanda ya zura ƙwallo sai ya kwaikwayi muryarta, har ɗankwalinta ya riƙa arowa yana ɗaurawa. Sunansa ya kai Kano da Kaduna. Wani kamfanin lemo ya ɗauki nauyinsa, aka buga maganar a jikin riguna. Ya sa sola a gidan, ya canza mata firiji, ya ce a ransa ai ita ma tana amfana.

Wata Asabar ya biya kasuwa, inda take sayar da atamfa. Daga nesa ya hango ta da mai saye, tana nuni da yatsu tana haɗawa da guntun Turanci. Matar da a da ake jin muryarta tun daga bakin layi. Hanatu, maƙwabciyar rumfarta kuma aminiyarta, ta jawo shi gefe.

"Ka ga aikinka?"

"Me ya faru, Mama?"

"Samari ke zuwa da waya a hannu, su yi kamar za su sayi zane, don kawai ta buɗe baki su ɗauke ta. Wani ma da rigar nan taku ya zo. Tun kafin azumi rabon da in ji Hausa a bakinta. Ni ɗin nan, da gyaɗa kai take amsa min."

Saheed ya waiwaya ya dubi rumfar mahaifiyarsa. A gida da Yarbanci suke magana, shi ya sa bai lura ba. Ko kuwa ya lura ɗin ne ya kawar da kai? Bai iya ƙarasawa rumfar ba, ya juya.

Da ta dawo gida ya kwanta a gabanta kamar yadda Yarabawa ke yi wa iyaye, ya ce, "Mami, ki yafe min."

Ta ce ya tashi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi yi masa ciwo.

"Sanda na zo garin nan ko gaisuwa ban iya ba," in ji ta da Yarbanci. "Hanatu ta koya min, kalma-kalma. Da Hausar nan na yi ciniki. Da ita na yi wa likita bayani sanda zazzaɓi ya kusa tafiya da kai. Ni a ganina na iya. Kai ka sanar da ni abin dariya ce."

A ranar ya goge bidiyoyin duka, amma an riga an kwafe su, suna yawo a wayoyin da bai san masu su ba. Da ya koma wasa, masu kallo suka dame shi da "Ina Iya?" Ya yi musu bayani sau ɗaya, ya ci gaba da buga ƙwallonsa. Da yawa suka watse, kamfanin lemo ya bi su. Waɗanda suka zo don wasan suka tsaya. Bai ji zafin hakan ba kamar yadda ya zata, amma bai ji sauƙi ba.

Bayan Sallah Zakiyya, 'yar Hanatu, ta haihu. Ranar suna Monsurat ta haɗa turmin atamfa da kayan jariri a baho, ta ce Saheed ya kai. Hanatu ta ƙi karɓa.

"Mayar mata. Ka ce ta kawo da ƙafarta."

Ya mayar. Monsurat ta daɗe tana kallon bahon, sannan ta shiga ɗaki ta fito da mayafi. Ya ɗauko kayan ya bi bayanta. A ƙofar gidan mata suka tarbe ta da guɗa, ta yi murmushi ta shige.

Saheed ya tsaya a jikin katanga, yana jin hayaniyar mata da ƙarar kwanuka. Ya kasa kunne ko zai tsinto muryarta a ciki. Har aka kira la'asar bai ji ta ba.