Gonar Barau ta fi ko'ina shiru

Ruwan kwanal, wato magudanar noman rani, ba ya isa gonar Barau. Tana can ƙarshen layi, bayan Bunkure, inda masu shinkafa na farkon layin suke shanye rabonsu da na wasu. Maƙwabta suka gaji, suka kwashe injinansu suka koma bakin titi. Matarsa Inno ta rasu bara waccan. Ko sabis ɗin waya bai ga abin zuwa yi a wurin ba.

Rannan da hantsi sai ga mota. Wani injiniya, Lukmanu, ya fito ya gaishe shi har ƙasa. Ya ce wurare bakwai suke aunawa, a ɗaya za a kafa ɗaruruwan manyan farantan ƙarfe masu kamo saƙo daga taurari masu nisa. Waya da injin ban-ruwa suna ɓata saƙon, don haka wurin da babu su ake nema.

Barau bai damu da taurari ba, Allah ya sani. Shi dai ma'aikata ya hango, da hanya, da mai shayi, da wanda zai tsaya kusa da shi a sahu. Ya gaji da yin salla shi kaɗai.

Suka kafa na'urar awo, mako biyu tana tsaye a gonarsa. Ya kewaye ta da ƙaya saboda awaki, ya riƙa goge mata ƙura da hannun rigarsa. Kullum yakan dafa wa Lukmanu wake, su ci su yi Azahar tare, har muryarsa ta dawo saboda yawan hira.

Ranar tafiya Lukmanu ya nuna masa takarda.

"Baba, albishir. Cikin bakwai ɗin nan babu kamar naka."

"Alhamdu lillahi! To mutane yaushe za su fara zuwa? In gyara musu ɗakin Inno."

Lukmanu ya sosa ƙeya. "Masu gini za su zo su tafi. Farantan kuma daga birni ake sarrafa su. In aka amince, katange wurin za a yi, ba mai zama a ciki."

"To ai ni kaɗai ne, yaro. Ba ni da inji, wayar ma ba ta kamawa."

Lukmanu ya naɗe takardar, ya kasa haɗa ido da shi.

"Baba, ko kai kaɗai ɗin ka yi yawa."