Shuɗin Duro da Ƙusar Baba

Maman 'Yan Biyu na cikin mirgino duron ta ƙofar gida, yana ƙugi a kan siminti, sai ta ji muryar Baba Mai Ƙusa daga bakin ɗakinsa.

"Tsaya. Juyo min shi nan."

Ta juya shi, ba don ta so ba. Shuɗi ne, na roba, ƙato, da murfinsa da komai. A wurin 'yan gwangwan ta samo shi, kuma tun a hanya take cewa a ranta abin nema ya samu. A gidan hayar nan famfo sai ya ga dama yake zuwa, ita kuwa ga ɗinki, ga 'yan mata biyu ƙanana, ga 'yan bokitai da ba su kai sun kawo ba.

Baba ya daɗe yana kallon zoben rawayan fenti da ke wuyan duron.

"Ni na shafa wannan da hannuna," ya ce. "Na ɗakin gwajin bene ne. Kada ki zuba ruwa a ciki, 'yar nan."

"Zan wanke shi, Baba."

"Roba sha take yi. Abin da ta sha kuma ba ta mantawa."

Ta cusa kai ciki ta shinshina. "Ko wari babu."

"Mai warin ai shi ne mai kirki, yana yi miki sallama."

Tari ya ƙwace masa sauran maganar. Ita kuma ta ja abinta zuwa kusa da makwarara.

Aikin Baba a jami'a kwashe sharar ɗakunan gwaje-gwaje ne. Ragowar sinadaran da malamai da ɗalibai suka gama aiki da su, shi ke rarrabewa, ya rufe, ya kai rumbun bayan gini har motar da ke ɗauka ta zo. Duron da aka juye kuwa, kafin ya bar hannunsa sai ya huda shi da wata doguwar ƙusa, biyu a gindi, ɗaya a gefe, don kada wani ya tsinta ya mai da shi randa. Nan sunan ya samo asali. Matan unguwa sun daɗe da jin haushinsa: mutum yana kwana cikin durori, bai taɓa kawo wa ko matarsa ɗaya ba. Idan ya dawo aiki ma, takalminsa a waje yake kwana cikin tsohon bokiti, kuma ba ya ba kowa hannu sai ya bi ta famfo. Mazan gidan kan ce gaisuwar Baba bayan sabulu take zuwa.

Yanzu ya kwana biyu ba ya fita. Ciwon ƙirji ne. Wasu suka ce aikin ne, likita ya ce ba zai iya rantsewa ba. Ƙusar tana ƙarƙashin gadonsa, tare da guduma.

Maman 'Yan Biyu ta wanke duron da sabulu, ta wanke da toka, ta wanke da ruwan zafi har hannunta ya yi ja. Ranar da famfo ya zo ta cika shi taf. Baba yana kallo daga kujerarsa.

"Wanki kawai zan yi da shi," ta ce, tun bai tambaya ba.

"Ke kin san na wanki. Su fa?" Ya nuna 'yan biyun da haɓa.

Ta yi kunnen uwar shegu da shi.

Ana nan sai Dakta ta zo dubiya, wato malamar da ke kula da tsaron ɗakunan gwajin. Ba ta daɗe a ɗakin ba ta fito, ta zagaya duron ba tare da ta taɓa shi ba, ta nemi mai shi.

"Tun da Baba ya kwanta wasu durorin suka fita ba huda, muna ta bin sawunsu," ta ce. "Motarmu za ta zo farkon mako ta ɗauke shi da ruwansa. Kafin nan kada a ɗiba, kada kuma a zubar. Ko a makwarara."

"To, ranki ya daɗe," in ji Maman 'Yan Biyu.

A baki ta ce to. A zuci kuwa ta riga ta yanke cewa ranar da motar za ta zo, duron zai je ziyara gidan ƙanwarta. Ta ɗora masa tabarma, ta danne da dutse, don idon Baba ya huta.

Sai famfo ya ɗauke ɗif. Zafi ya yi zafi. Bokitai suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, masu sayar da ruwa suka yi wuyar gani, kowa a gidan ya koma lissafin kofi. Duron yana nan a cike a gefen makwarara, kamar baƙon da aka hana gaisawa da shi.

Wata la'asar ta kai wa wata mata ɗinki. Da ta dawo, tun daga zaure ta ga siminti a jiƙe. Ruwa ya bi makwarara ya fice, saura 'yar laima da ke ɗiga daga gindin duron. An barbaɗa yashi a inda ya kwanta. A bakin ƙofar Baba ga guduma a yashe.

Gwaggo, matar Baba, ta fito tana riƙe da jiƙaƙƙen wandonsa.

"Maman 'Yan Biyu, zo ki ji."

"Na gani, Gwaggo. Ba sai na ji ba."

Ta ja 'ya'yanta ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Haushi ya cika ta har wuya. Mutumin da ba ya iya kai kansa bayan gida, ashe yana da ƙarfin ɓarna. Da yamma kullum takan leƙa ta ce masa ya jiki. Ranar ba ta leƙa ba. Tana jin tarinsa ta bango, ta ƙara wa keken ɗinkinta wuta.

Da safe tarin ya tsaya.

Aka yi abin da ake yi in an yi rasuwa. Maza suka ɗauke shi, mata suka cika tsakar gida, maƙwabta suka aiko da ruwa a jarkoki. Ita ma ta yi aiki, ta shimfiɗa tabarmi, ta tattara takalma, amma ta ƙi yarda su haɗa ido da Gwaggo. Sai da mutane suka ragu, tsohuwar ta kira ta ɗaki. Gadon yana nan da ramin jikinsa a katifa.

"Kina fita 'yan biyun suka jawo kujera," in ji Gwaggo, muryarta a kwance. "Ɗaya ta hau, ta ture dutsen, ɗayar ta miƙa mata kofi. Ni ina kicin. Malam ya kira su, muryar ba ta fita. Sai ya buga kwano a ƙasa, suka tsorata suka gudu."

Maman 'Yan Biyu ta buɗe baki.

"Kofin bai kai ga ruwa ba," in ji Gwaggo. "Ya ce amma gobe zai kai. Da rarrafe ya je. Na ce Malam bari na kira wani, ya ce wa zai yarda ya huda duron mutane? Ni ya sa na kawo yashi." Ta gyara ɗankwalinta. "Abin da ya dame shi har dare, wai tun da ya fara aiki bai taɓa zubar da irin wannan a makwarara ba. Ya ce in gaya wa Dakta, don a zo a duba. Ya ce ke kuma ki yi haƙuri da ruwanki."

Kunya ta kama Maman 'Yan Biyu, irin wadda ba ta da inda za a kai ta. Ta fita tsakar gida.

Ta kwantar da duron, ta juyo gindinsa. Huda ɗaya ce, a karkace. Kusa da ita akwai ɗan rami fari inda ƙusar ta fara shiga ba ta ratsa ba. A gefe babu komai.

Ta koma bakin ƙofa. "Gwaggo, ara min ƙusar."

Ta sa bakin ƙusar a ɗan ramin da ya bari. Robar ta fi yadda ta zata tauri, sai da ta buga ta sake bugawa kafin ta ratsa. Sannan ta yi ta gefen. Matan da suka rage suna kallo.

Ta jingina duron da bango inda motar za ta gan shi, ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Takalmin Baba yana nan cikin bokitinsa a bakin ƙofa. Ta ajiye ƙusar a gefensa.