Sandar Matuƙi

Ina da wani ɗan ciwo: in na ji sabon abu ba na iya riƙe shi a ciki. Sai na faɗa wa wani, kuma in faɗe shi kamar ni na gano shi.

'Yata Zinariya gyaran jirgin sama take yi, ɓangaren wayoyi. Wata Juma'a ta zo gida Mandawari, muna cin dambu, ta ce min jiragen yanzu sandar da matuƙi ke riƙewa ba a ɗaure take da komai ba. A na da, igiyoyin ƙarfe ne suka tashi daga hannunsa har fiffike da jela. A na yanzu kuwa in ya motsa sandar, saƙo ne kawai ke bin waya zuwa kwamfuta, ita ce ke ɗaga 'yan marafan gefen fiffiken ko ta sauke su.

Kafin la'asar na kai labarin ɗakin mahaifiyata, Inna, wadda saura kwana tara ta tashi Umara. Shekararta saba'in da takwas, ba ta taɓa wuce Zariya ba, kuma likita ya riga ya ce gwiwoyinta ba za su jira baɗi ba.

"Kai wannan," ta ce, don ni ne ɗan fari, ba ta kama sunana. "Wato mutumin yana zaune yana juya muciya a tukunyar da ba tuwo?"

"Kusan haka ne, Inna."

"A mayar musu da takardarsu. Ba na hawa abin da linzaminsa ba ya hannun ɗan Adam."

Kwana uku ina ƙoƙarin gyara ɓarnata. Na zana mata jirgi a bayan kalanda. Na ce ai abin tsaro ne, don in matuƙi ya nemi ya karkata jirgin fiye da kima, kwamfutar ƙin yarda take yi. Inna ta ce ashe har gardama take yi da shi, ta sa aka zazzage jakar da aka riga aka ɗaure. Matata Uwani ta ɗauki waya ta kira Zinariya.

Zinariya ta zo da rigar aikinta, ta zauna a bakin gadon kakarta.

"Tsohuwa, ashe tsoro gare ki?"

"Ja'ira. Ke da ubanki duk ku fita min."

"Tambaya ɗaya. A gidan nan wa ke ba da umarni?"

"Ubanki mana."

"In ya ce a yi tuwo?"

"A yi."

"Ranar da ya ce a rushe katangar tsakar gida ana tsakiyar damina fa?"

"Uwani ta ce to. Ga katangar can a tsaye."

"To shi ke nan aikin kwamfutar. Abin da ya nema ta yi masa, a hankali, ba fizga. Wanda zai kifar da gida ta tsaya iya inda ya dace. Kuma ba ita kaɗai ba ce, uku ne ko fi, suna duba juna. In ɗaya ta rikice sauran su karɓa."

Ina tsaye a bakin ƙofa na ga Inna na lissafi da yatsu. Ta nuna ɗakin Uwani, ta nuna ƙirjinta, ta nuna gidan ƙanwata Hassana ta kan katanga.

"Shi matuƙin ya sani?"

"Ya sani, Inna. A makaranta ake gaya masa."

"To ya fi wani," in ji ta, ba ta ko dube ni ba. "Shekara talatin muna tafiya a haka ba mu faɗo ba. Ɗaure min jakata."

Ni na ɗaure jakar, bisa umarnina.

Ta je ta dawo lafiya, ta yi ɗawafinta, rabi da ƙafa rabi a keke. Da ta buɗe tsaraba, Uwani ta fara miƙa wa dabino, ta ce, "Ungo, kwamfuta." Ni ta ba ni hula, ta shafa kaina kamar ina ɗan shekara bakwai, ta ce Allah ya yi wa matuƙi albarka.

Jirgin da ya kai ta ya dawo da ita tsohon yayi ne, mai igiyoyin ƙarfe tun daga hannun matuƙi har jela. Zinariya ce ta gaya min, ta ce kada in faɗa wa kowa.