Ɗaurin Alfadari a Jirgin Zannis

Tun a bakin tashar jiragen ruwa Zannis ya fara cika yana batsewa. An yi da yayarsa Argiro za a tashi da asuba, ga shi ƙarfe takwas ta gota, ita kuwa tana tsaye ƙiƙam tana jiran limamin coci ya zo ya yayyafa wa ƙudan zumanta ruwan albarka. Akwati goma sha biyu ne, an toshe bakin kowanne da raga, an jera su a gindin babban jigon jirgi. Su ne cinta, su ne shanta tun da mijinta ya rasu. Furen timari, ciyawar dutse mai ƙamshi, ya buɗe a ɗan tsibirin nan na kudu da ba kowa sai awaki, kuma mako uku kacal yake yi ya bushe. In ƙudan ba su same shi ba, shekarar ta wuce ta ke nan.

"Argiro, ɗaga ido ki dubi kan dutsen can," in ji shi. "Kin ga farin gajimaren da ya zauna masa kamar hula? Iskar meltemi ce ke tafe. Kafin rana ta raba, tekun nan ba zai taku ba."

"To sannu, Kaftin. Shekara sittin ina jin iskar nan tana kaɗa min wanki, yau ne za ta cinye ni?"

"Wanki a ƙasa yake."

"Su ma ƙudan a ƙasa suke son zama, kai ne ka cika surutu."

Ka ji fa! Shi ne ya cika surutu. Injin jirgin yana warwatse a shagon makaniki tun bikin Ista, ba abin da zai kai su sai iska, ita kuma ga abin da take faɗa. Da limamin ya iso, sai da ya sha kofi tukuna. Sai bayan nan Zannis ya samu ya kwance igiya.

Jirgin nasa mai jigo biyu ne, dogo a tsakiya, gajere a baya kusa da sitiyari. Ya ɗaga ƙyallayensa uku na kama iska gaba ɗaya, babba da na goshi da na baya, don ya ci tafiya kafin abin ya zo. Sa'a ta farko lafiya lau. Jirgin ya daidaita har ya ɗaure sitiyari ya bar shi yana tafiyarsa, ya sauka ciki neman ɗan ƙaramin ƙyallen goshi mai kauri da yake ajiyewa don ranar guguwa. Ina zai gan shi? Argiro ta jibge kayanta a kai, kwalabe, bargo, cuku, tukunya, har da kujera. Kujera! Ya kusa rabin sa'a yana tono yana tsaki.

Da ya leƙo, teku ya canza fuska. Daga arewa ruwan ya yi baƙi, kan kowace igiyar ruwa ya yi fari, sama kuwa tas, ko ɗigon hadari babu. Haka meltemi take, rana na ƙwallewa take dukan mutum.

"Koma baya ki kwance sitiyari ki riƙe!" ya ɗaga murya. "Ki sa goshin jirgi ya kalli farin cocin can, kada ki kauce."

"Wane cocin? Guda uku nake gani."

"Na tsakiya, baiwar Allah, na tsakiya!"

Ya fito ta ƙofar gaba da jakar ƙaramin ƙyallen, ya durƙusa a goshin jirgi, ruwa na wanke shi daga kai har ƙafa. Ya sauke babban ƙyallen goshi ya cusa shi ciki, ya maƙala ƙaramin ya ja shi sama. Saura abu ɗaya, wanda duk mai irin jirgin nan ya sani tun yana saurayi: iska ta yi ƙarfi, ka sauke babban ƙyallen tsakiya gaba ɗaya, ka bar ɗan na goshi da na baya, ɗaya na ja ɗaya na tarewa, jirgi ya miƙe tsaye ya tafi abinsa. Aikin minti biyu ne. Ya rarrafo gindin jigo, ya kai hannu inda ya naɗe igiyar babban ƙyalle, sai ya ji ƙarfen ba komai.

Ya bi igiyar da ido. Daga saman jigo ta sauko, ta zaga gargaren da ake jan ta da shi, daga nan ta wuce kai tsaye ta nannaɗe akwatunan zuma goma sha biyu, ta sama ta ƙasa, ƙulli bisa ƙulli, irin ɗaurin da ake yi wa alfadari in za a hau dutse da kaya. Igiyoyin da shi ya ɗaure su da su kuwa babu ko ɗaya.

"Argiro!"

"Na'am?"

"Wa ya taɓa igiyar nan?"

"Ni ce. Naka ɗaurin ya danne musu raga, ba sa samun iska. Na ga wannan tana rataye tana zaman banza."

"Zaman banza? Ita ke riƙe da ƙyallen!"

"Ai shi ya sa ta yi kyau. Yana ja, tana ƙara tamkewa. Haka baba yake yi, nauyin gefe guda ya riƙe ɗayan."

Ta faɗe shi da alfahari, wallahi, kamar mai jiran a ce mata sannu da aiki. Shekara talatin Zannis yana teku, ya ga mashaya, ya ga masu amai, ya ga baƙon da ya jefa anka, ƙarfen tsai da jirgi, ba a ɗaure ba, amma bai taɓa ganin wanda ya ɗaure wa jirgi kaya da wuyansa ba sai 'yar uwarsa uwa ɗaya uba ɗaya.

"Ina igiyoyina?"

"Na jefa su ciki."

Ciki, wato ƙarƙashin tulin da ya gama hargitsawa, da jiƙaƙƙen ƙyalle a kai. Kafin ya sake magana iska ta gangaro daga kan tsauni ta maka su. Jirgin ya kwanta, gefensa ya nutse, ruwa ya hau ya mari jerin akwatunan ƙasa. Duk da rurin iskar sai da ya ji kukan ƙudan daga ciki.

"Ya Budurwa Maryamu!" Argiro ta yi ihu. "Sauke su duka, Zannis! Sauke tsummokaran nan gaba ɗaya!"

"Da me zan sauke? Kuma in na sauke duka jirgin zai ba ruwa gefe, ya riƙa gangara da mu kamar tulu. Ko akwati ɗaya ba za ki tsira da shi ba."

"To ka kwance a hankali!"

Ya gwada. Ƙullin ya jiƙe, ƙarfin ƙyallen ya tamke shi ya koma dutse, farcensa ya tsage a banza. Ya ja jiki ya koma baya, ya karɓi sitiyari daga hannunta, ya juya goshin jirgi cikin iska ba tare da ya saki ɗan ƙyallen gaba ba, har iska ta koma tana dukansa ta baya. Ya ja ƙyallen baya ya tamke, ya ɗaure sitiyari. Jirgin ya daina gudu, ya tsaya yana hawa yana sauka. Da babban ƙyallen yana ƙasa, da sai su zauna a haka har su ci cuku. Amma yana nan a sama, duk bugun iska sai ya sake kwantar da su, kuma sannu a hankali ruwa na jan su wajen baƙaƙen duwatsun da ke bakin mashigin ruwan da za su bi. Zannis ya auna da ido. Minti goma, in an yi sa'a.

Igiya ɗaya ce a ƙugunsa, gaba huɗu. Ya koma gindin jigo, ya zaga ta, ya ja, ya ƙirga. Ta kama jeri uku na ciki, akwati tara. Na huɗun, uku da ke can bakin gefe, ko da taƙi ɗaya ba ta kai gare su ba. Ya sake zagawa ta wata hanya, duk ɗaya. Ya waiga, sai ga Argiro ta taho da rarrafe, gashinta a jiƙe, tana miƙa hannu wajen akwatunan.

"Koma!" ya daka mata tsawa. "Koma ki riƙe sitiyari da hannu biyu, in kin saki mun mutu!"

Sitiyarin a ɗaure yake, ba abin da riƙonta zai ƙara masa. Amma ta tsorata, ta koma ta ƙanƙame shi. Zannis ya ƙulle taran da igiyar ƙugunsa, ya jira bugu ɗaya ya wuce, ya zaro wuƙa ya yanke igiyar babban ƙyallen.

Babban ƙyallen ya zubo masa a ka, yana dukan fuskarsa da kunnuwansa. Ya rungumo shi yana dannewa da ƙirji, yana naɗe shi da guntun da ya rage. Bai ga tafiyar ukun ba, ƙararsu kawai ya ji, katako na gurzar katako, sannan ihun Argiro. Da ya ɗago, ɗaya yana juyi a bayan jirgi, murfinsa ya buɗe. Sauran biyun ko alamarsu.

Abin haushin, daga nan tafiya ta yi daɗi. Ya kwance sitiyari, ya saki ɗan ƙyallen goshi ya koma gefensa, jirgin ya miƙe tsaye ya wuce duwatsun da nisa mai kyau, yana tafe da ƙananan ƙyallaye biyu cikin iskar da ɗazu take neman kifar da shi. Ruwa bai ƙara hawa ba. Da tun farko an bar shi ya yi aikinsa na minti biyu, da haka za su yi ta tafiya da akwati goma sha biyu cif. Duk hanya yana shirya wa Argiro magana a ransa. Zai fara da limamin da kofinsa, ya bi ta kan kujera, ya ƙare da alfadari. Ya jera su tsaf, har da inda zai ɗaga murya.

Rana ta karkata suka shiga lungun tsibirin, inda tsauni ya tare iska. Suka yi ta jigila da ɗan kwalekwale, uku uku, suka haura da akwatunan cikin timari har gwiwa. Argiro ta durƙusa ta kara kunne a jikin na farko, ta zare ragar. Ƙudan suka fito da ƙyar, jiƙaƙƙu, suna tafiya a bakin ƙofa kafin su tashi. Na biyu ma haka, na uku ma. Zannis ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai fara.

"Da ka sa wuƙar nan," ta ce ba ta ɗago ba, "ka san ukun za su tafi?"

Maganar da ya shirya ta watse.

"Na sani."

"Kai ka zaɓe su?"

"Igiyar ce ba ta kai ba."

"Da ka faɗa min. Da na kwanta a kansu na riƙe."

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Sai a lokacin ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, idanunta jajur. Ta juya ga akwati na huɗu, amma ta kasa kama bakin ragar. Zannis ya durƙusa kusa da ita ya zare mata.