Minti Biyar Ɗin Goggo

Tun da aka ce Mai ɗinki na da kansar bakin mahaifa, 'yan dubiya suka fi magani gajiyar da ita. Shugabarsu Goggo ce, ƙanwar babanta. Kullum da hantsi za ta shigo, ta ture yadikan da ke kan kujera, ta zauna gefen keken ɗinki, ta hau jero waɗanda ciwon ya kashe.

"Matar mai gyaran rediyo ma haka ta fara. Wata huɗu, 'yar nan. Huɗu!"

In ta tafi, ko shayi Mai ɗinki ba ta iya haɗiyewa. Ga shi likita ya ce in ta ci gaba da ramewa, sai an ɗage maganin ranar Laraba.

A asibiti wata nas ta koya wa matan sashen kansa wata dabara: a zauna minti biyar, a rufe ido, a bi numfashi yana shiga yana fita. In tunani ya zo, a dube shi, a bar shi ya wuce. Mai ɗinki ta gwada, ta ji daɗinsa. Sai dai ita Goggo ba ta wucewa.

Ranar Litinin, Goggo na buɗe baki Mai ɗinki ta ɗaga mata hannu.

"Goggo, an kafa doka. Duk wanda ya shigo ɗakin nan sai ya yi numfashin tare da ni. In ya yi magana, maganin jikina ya tsinke."

"Ikon Allah! Ni da na shekara sittin ina numfashi za a koya wa?"

"Minti biyar ne kawai. Rufe ido."

Ta saita agogon waya a minti arba'in, ta kife ta.

Goggo ta yi ta mutsu-mutsu, sannan ta buɗe ido ɗaya. "Bai cika ba?"

"Goggo, kashe ni za ki yi?"

Ɗaki ya yi tsit. Mai ɗinki ta ji kukan fanka, ta ji warin man keke. Tsoron Laraba ya zo ya tokare mata ƙirji, ta dube shi, ta fitar da numfashi, ya sassauta. Can sai ga minshari daga kujera.

A hankali Mai ɗinki ta jawo kwanon abincin da mijinta ya rufe mata tun safe, ta cinye tas, har da lashe cokali.

Waya ta yi ƙara. Goggo ta zabura tana goge baki.

"Kai, wannan minti biyar da auki yake! Gobe ƙarfe nawa?"

"Lokacin abincin rana, Goggo. Ki taho da sauran 'yan dubiyar."