Ruwan Ranar Mata

Duk safiyar Laraba ruwan sai ya wayi gari fari-fari, kamar an dama farau-farau a ciki. Sauran ranakun mako kuwa garau yake, kana tsaye a bakin kwamin ninkayar kana hango tayil ɗin ƙasa. Kuma kowa a unguwar ya san abin da ake yi ran Talata a wurin, ranar mata ce.

Sanobar, mai sayar da tikiti, ita ta kawo wannan rana. Sai da ta yi wa darakta naci har ya gaji ya ce a yi. Ran Talata ake sakin labule, duk namiji ya fice, tsofaffin matan garin Margilon masu ciwon gwiwa su zo su shiga ruwan ɗumi suna nishin daɗi. Sanobar tana son ranar nan kamar ita ta haife ta, kuma ba ta ɓoyewa.

To sai duba-gari ya faɗo wata Laraba. Ya ɗebi ruwan a kwalba, ya ɗaga ta sama, ya ce in ya dawo ya tarar da haka zai garƙame wurin. Yana fita darakta, Kudrat Salimovich, ya kira Sanobar ofishinsa a bene.

"Ƙanwata, ni ban ce matanki ba ne," in ji shi, yana juya kofin shayi. "Amma maza na shiga duk mako, ruwa lafiya lau. In laifin daga Talata yake, Talata ta tafi. Ba zan rasa wurin nan saboda gwiwar tsofaffi ba."

Tun kafin ta gama saukowa daga bene zuciyarta ta tsayar da mutum ɗaya. Ergash aka, wato yaya Ergash, mai kula da injin tace ruwa, shi kaɗai ke riƙe da makullin ɗakin magani. Shi ne tun farko ya ce mata suna da gidan wankansu, me ya kawo su ninkaya. Shi ke zuba kulorin, maganin tsabtace ruwa, da yammacin Litinin, ba mai ganin ko ya cika ko ya rage. Ga shi kuma ɗan wansa yana horar da 'yan kokawa, an ce ya daɗe yana neman a ba su Talata. Wannan ai ko makaho ya laluba ya gane.

Ta sa masa ido. In ya shiga ɗakin sai ya turo ƙofa. In ta leƙa sai ya ce, "Sanobar, warin nan ba na huhunki ba ne, koma tagar tikitinki." Ran Laraba ya wuce ta gabanta da bokiti, ya dubi ruwan, ya dube ta.

"Baƙinki sun sake bar mana tsaraba."

"Ko kuma wani ya yi musu rowar magani, aka."

Ya yi murmushi ya wuce. Murmushin nan ne ya ƙarasa ta. Ta hau bene ta zazzage wa darakta komai, har da batun 'yan kokawa, ta kuma faɗe shi da muryar wadda ta gani da idonta, alhali ba abin da ta gani sai ƙofa a rufe. Darakta ya karɓe makullin, ya ce Ergash ya zauna gida tukuna, a kawo wani daga kamfani ya zuba maganin a gani.

Talatar da ta biyo baya, Sanobar ta kasa zama a tagarta. Da ma ba ta cika shiga ciki ba, layi ba ya barinta. Ranar dai ta rufe tagar ta shiga ɗakin sauya kaya, don ta ga ruwan da idonta kafin kowa ya ce uffan. Tana tura ƙofa tsami ya daki hancinta.

Hosiyat hola ce, wato inna Hosiyat, zaune a benci, tsohuwar da duk unguwa ke jin maganarta, da kwalbar kindirmo a cinya. Ta kwance dogayen kitsonta tana cuɗa su da shi har saiwa. Na kusa da ita ma haka, kowace da kwalbarta, wata har da mai take haɗawa. In sun gama sai su tura gashin cikin hular roba, rabi a ciki rabi a waje, su wuce ta gaban shawa ko kallonta ba sa yi.

"Hola, me nake gani haka?"

"Kai muke gyarawa, 'yar nan, ko ke da sabulun kanti uwarki ta raine ki? Kindirmo sai ya jiƙa cikin ɗumi yake kama gashi. Da sai mu zauna a gidan wanka muna jira. Yanzu ga ɗumi ga motsa gwiwa, in mun fito mu wanke gaba ɗaya."

"Cikin ruwan yake zuba."

"Ina hular da kika tilasta mana saya? Aikin me take yi?"

Sanobar ta leƙa kwamin. Bayan kowace tsohuwa wani farin zare ne ke bin ruwa daga ƙeyarta. Ta mayar da ƙofa ta jingina da ita, ta faɗa musu gaskiya: in maganar nan ta hau bene, ba su ba ruwan nan har abada. Aka fito da na ciki, kowa ta wanke kanta tana gunaguni. Hosiyat hola ta ce wadda duk ta kai zancen gida, kada ta ƙara gaishe ta.

Laraba ruwa ya kwana garau. Darakta ya sauko da kansa, ya zagaya, ya tsaya gaban tagarta yana fara'a.

"Kin kama shi, ƙanwata. Hannunsa na fita, ruwa ya washe. Na sallame shi, Talata kuma taku ce."

Ta buɗe baki. Ta tuna Hosiyat hola da yadda take sauka matakalar ruwan tana riƙe da ƙarfe. Sai ta ce, "Na gode," kuma kunyar kanta ta kama ta har wuya.

Bayan 'yan makonni wata mata mai jiki ta tsaya a tagar ran Talata, tana ɗingishi. Sanobar ta gane ta, Mastura opa ce, wato yaya Mastura, matar Ergash. Ba ta taɓa zuwa ba.

"Shi ya turo ni," in ji ta. "Ya ce tunda ruwan ya gyaru in zo in gwada ko ƙafar nan za ta saki. Yana can zaune yana ta lissafin inda ya yi kuskure, ko shayi ba ya iya shanyewa."

Ta buɗe jaka tana neman kuɗin tikiti, sai ga kwalba da farin abu a ciki. Sanobar ta so ta kau da kai. Amma duba-gari bai dawo ba tukuna, ko yaushe yana iya faɗowa.

"Opa, wannan a nan za ki bar shi. Ba a shiga da shi, yana ɓata ruwa."

Mastura ta dubi kwalbar. Ta dubi matan da ke bayanta a layi, duk suka sunkuyar da kai. Sannan ta ɗago ta dubi Sanobar, ta daɗe tana dubanta.

"Yana ɓata ruwa," ta maimaita a hankali. "Tun yaushe kika san haka, ƙanwata?"