Wayoyin Aper a Tukunyar Doya

Martin ya ɗaga hannu, ganga da piyano suka yi tsit. Shi ne shugaban makaɗan cocinsu a Lafiya, kuma aminin marigayi Aper, wanda ya riƙe jitar bes, mai kaurin murya, shekara ashirin kafin ta dawo hannun 'yarsa Seember.

"'Yata, wannan bes ɗin naki barci yake ko azumi?"

Aka kwashe da dariya. Seember ta sunkuyar da kai.

"Babanki in ya taɓa wayar nan, bencin coci rawa yake. Gurnani kamar bijimi ya hango ɗan'uwansa. Naki kuwa dum, dum, sai ka ce ana dukan katifa. Jibi ne sujadar tunawa da shi. In haka zai fito, mai piyano ya cike gurbin da hannun hagu, ke ki zauna cikin jama'a."

A cikin keke ta rungume jitar har gida. Babu maɓallin da ba ta murɗa ba a jikin amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a banza. Abu ɗaya ta ƙi: canza wayoyin jitar. Tun ranar da aka binne babanta a Assakio ko goge su ba ta yi ba. Guminsa na nan a jikinsu, kuma a ganinta can gurnanin yake kwance.

Ta tarar da mahaifiyarta, Hembadoon, tana feraye doya a ƙarƙashin mangwaro. Ta zauna kan tabarma, jitar a cinya. Hadari na haɗuwa ta wajen Kwandere, iska mai ɗumi tana kaɗa ganye, sai ta ji kamar daga ƙarƙashin ƙasa sautin nan ke tasowa, ya ratsa tabarma ya shiga ƙirjinta, kamar lokacin da take ƙarama tana barci a jikin sifika.

"Kai! Wannan wace irin dauɗa ce?" Muryar uwar ta dawo da ita. "Yaushe rabon da ki dafa su?"

"Dafa me, Mama?"

"Wayoyin mana. Babanki duk wata sai ya sace mini tukunya. Mun sha faɗa! Ran nan ban sani ba na zuba doya a ruwan, muka ci sakwara mai ɗanɗanon ƙarfe. Ya ce wai za ta ƙara mini murya."

"Mama, in na dafa su, guminsa zai tafi."

Hembadoon ta ajiye wuƙa. "Shi kansa bai taɓa barin guminsa a kansu ba. Cewa yake datti ke shaƙe musu wuya. Ke ce kika ajiye abin da yake zubarwa."

Seember ta daɗe tana kallon wayoyin. Sannan ta miƙe ta hura wuta.

Ta kwance su ɗaya bayan ɗaya, ta naɗe, ta saka a tafasasshen ruwa. Maiƙo ya taso sama, ruwan ya koma kalar shayi. Cikin tururin ta ga kamar hannunsa, manyan yatsun nan, suna juya ludayi. Ta lumshe ido, tururin ya jiƙa mata fuska, ya haɗu da abin da ya riga shi jiƙa ta.

Ta tsame su, ta goge, ta shanya tsakanin zannuwan uwarta. Washegari da hantsi ta mayar da su suna ƙyalli.

"Babanki yakan sassauto da su ƙasa," in ji Hembadoon daga bakin murhu, "har sai sun fara yi wa ƙarafunan wuyan jitar nan tsiwa."

Seember ta ɗauko ɗan ƙaramin makullin da ke aljihun jakar jitar ta sauke su. A nan idonta ya faɗa kan wani wuri can gindin jitar, kusa da inda wayoyin suka ɗaure, inda fenti ya goge ya yi santsi daidai faɗin babban yatsa. Ita kuwa duk watannin nan kusa da wuya take kaɗawa, a hankali, kamar mai tsoron tashin wani. Ta ɗora yatsanta a gurbin nasa, ta ƙara wa amfilifaya wuta, ta fizgi babbar wayar da ƙarfi.

Kwanon da ke kan turmi ya hau kakkarwa. Kaji suka watse. Hembadoon ta dafe ƙirji ta waiga bakin ƙofa, kamar wani zai shigo.

Ranar Lahadi, waƙar farko ba ta kai rabi ba Martin ya juyo, bakinsa a buɗe. Ya miƙa hannu ya ɗauke hannun hagun mai piyano daga kan maɓallai.

"Bar mata," ya ce.

Bencin ya fara rawa.